Sharhi: Tabaron Kwamfuta a Tiyatar Hanta, Ina Masu Jarinmu?

ABUJA: Bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dalar Amurka ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024. Duk ɗan kasuwar da ya saba kai majinyacinsa Indiya ko Masar ya ji a jikinsa. Masu ciwon hanta suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin ɗari na baligan Nijeriya suna ɗauke da cutar hanta nau'in B, wadda kan kai ga sankara.

Cire ƙari daga hanta aiki ne mai haɗari. Tun 1957 likitan Faransa Claude Couinaud ya bayyana cewa hanta kashi takwas ce, kowane da jijiyoyin jininsa. In wuƙa ta kuskure, jini ya ɓalle. In aka yanke fiye da kima, ragowar ta kasa aiki. Shi ya sa a yau kwamfuta kan tattara hotunan CT ta gina surar hantar majinyaci. Likitoci su sa tabarau na musamman, su haɗu a kan surar ko da suna ƙasashe dabam-dabam, su juya ta, su auna, su tsayar da inda wuƙa za ta bi. Da irin wannan dabara likitocin Landan da na Brazil suka shirya raba tagwayen da ke manne ta kai a 2022.

Nijeriya tana da ƙwararru. A 2019 ma'aikata 78 na Asibitin Ƙasa da ke Abuja suka raba tagwayen da ke manne ta ƙirji da ciki. Abin da ya rage shi ne jari.

Tabaron kansa ba shi da tsada in an kwatanta da na'urar CT. Kuɗin yana wajen wutar lantarki, intanet mai ƙarfi da albashin masu sarrafa hotuna, kuma asibiti ɗaya ba zai samu majinyatan da za su mayar da wannan kuɗi ba. Mafita ita ce cibiya guda ta haɗin gwiwa, misali a Durumi da ke maƙwabtaka da Garki, wadda asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato za su riƙa aiko wa hotuna suna biya a kan kowane majinyaci. Ruwanda ta riga ta buɗe cibiyar horon tiyata ta IRCAD a 2023.

Sai dai tabarau ba ya tiyata. Wajibi ne mai zuba jari ya tabbatar asibitocin da zai ƙulla da su suna da ma'ajiyar jini da sashen kulawa ta musamman, ya kuma kiyaye dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Duk tiyatar da aka yi a gida, dalolinta sun tsaya a gida.