Rariyar Tankin Akori-Kura da Fitinar Galan

Duk wanda ya saba bin hanyoyin kasuwanni a ranar ci, ko ta Dawanau ce ko ta Mai'aduwa, ya san tsohuwar akori-kura ƙirar Peugeot, wadda ko da yake an fara haɗa danginta a kamfanin Kakuri na Kaduna tun 1975, kuma waɗanda suka fara tuƙa ta da yawa sun riga mu gidan gaskiya, har wa yau ita ke ɗaukar buhunan gero da awaki da masu su zuwa inda sabuwar mota ba ta yarda ta sa ƙafa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne wata al'ada da ta yaɗu a tsakanin masu waɗannan motoci har ta zama kamar sunna, wato ka leƙa gaban mota ka tarar da galan cike da fetur a gindin ƙafar fasinja, tiyo ya fito daga bakinsa ya ratsa zuwa inji, alhali tankin da maƙera suka yi mata yana can ƙarƙashin bodi, an yi masa saki uku.

In ka tambayi direba dalili, amsa ɗaya ce: “Ranka ya daɗe, ai tankin ya mutu.” Bisa hakika kuwa, sau da yawa tankin bai mutu ba, illa dai wata 'yar rariya da ba ta fi tsawon yatsa ba ce ta toshe. A cikin tanki akwai siririn bututun ƙarfe da ya sauka har kusa da gindi, wanda ta cikinsa famfo ke zuƙo mai, a bakinsa kuma an cusa wannan rariya, ta lallausar waya ko ta roba, domin ta tare tsatsa da yashi tun daga mafari. To, tankin ƙarfe da ya shekara talatin ko arba'in yana shaƙar iska mai laima da damina da ƙurar hunturu, ana kuma ɗura masa man 'yan bumburutu daga jarkar da Allah kaɗai ya san abin da ta taɓa ɗauka, lalle ne gindinsa ya tara laka ja. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 abin ya ƙaru, domin kaɗan ne ke iya cika tanki, kuma tankin da ya zauna kusan wofi bangonsa na ciki yana yin raɓa da sanyin asuba, ruwan ya gangara ya kwanta a ƙarƙashin fetur tun da ya fi shi nauyi, ya yi ta cin ƙarfe a ɓoye.

Alamar wannan ciwo ba ta ɓuya ga mai lura. Mota za ta tashi lafiya da safe, ta yi ta kaɗawa a tsaye ba gargada, amma da an yi mata lodi an kama hawa, inda inji ke neman mai da yawa, sai ta fara shaƙewa tana fizga, ta mutu. In an bar ta 'yan mintoci, dattin da zuƙar famfo ta manna wa rariya ya saki ya koma ƙasa, sai ta tashi kamar ba ita ba. A nan ne ake zaluntar marasa laifi, a canja fulogi, a canja kwayil, a kwance kafireta a wanke, kuɗi na fita ciwo na nan. Sai dai wajibi ne a yi adalci ga rariyar ita ma kafin a yanke mata hukunci, domin murfin tanki in kafar iskarsa ta toshe yakan kawo irin wannan alama. A buɗe shi da zarar mota ta mutu, in an ji ya ja iska da ƙara, to mai laifi na hannu.

Ban ce galan ba shi da amfani ba. Bakanike mai basira yakan jona shi na ɗan lokaci don ya kafa hujja: in mota ta hau tudu lafiya da man galan, ya tabbata illar tana tsakanin tanki da famfo. Haka wanda dare ya yi masa a daji da mata da yara, ba wanda zai zarge shi in ya ja mota da galan zuwa gari, gama lalura tana da hukuncinta. Amma malamai sun koya mana cewa rangwamen da lalura ta kawo yana ƙarewa ne da ƙarewarta, kuma wanda ya shekara yana ɗaukar bayin Allah da buɗaɗɗen fetur a tsakanin ƙafafunsu, kusa da wayoyin da bawonsu ya zube, wani fasinja kuma da sigari a baki, ya fita daga babin lalura ya shiga na ganganci da rayukan da aka ba shi amana.

Akwai kuma wata dabara da ta fi galan ɓoyuwa, ita ce a sa famfon taya a bakin bututu a hura iska baya zuwa tanki. Mota takan warke na kwana biyu, mai ita ya yi ta sa albarka, bai sani ba ko dai dattin ya koma ya jira, ko kuma iskar ta yage rariyar ta tunkuɗe ta ɗungum. Daga ranar duk tsatsar tanki ta sami hanya zuwa famfo, ta maƙale a 'yan ƙofofinsa biyu masu buɗewa da rufewa, ta wuce ta toshe ƙananan kafofin kafireta. Wanda ya cire rariya don mai ya gudana ya yi daidai da matar da ta jefar da matankaɗi don aikinta ya yi sauri, tsakuwar da ta ƙi tsayawa cirewa haƙoran iyalinta za su same ta.

Gyaran na gaskiya aikin yini ɗaya ne, ba ya kuma bukatar wani injiniya daga Faransa. Ana fara cire wayar batir, a juye man da ya rage a fili mai iska, nesa da mai shayi da mai walda, gama tankin da ba mai a ciki, tururi ya cika shi, ya fi cikakke saurin fashewa. Sa'an nan a sauke tanki, a kwance faifan da ke riƙe da bututu da ma'aunin mai, in zobe ne ke ɗaure da shi a buga da katako ko tagulla, kada ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ya ba da tartsatsi. Za a ga rariyar ta yi baƙi ta ƙandare, wani lokaci ta ruguje a hannu. Amma sa sabuwa a tanki mai datti ɓarnar kuɗi ce. Sai an zuba guntun sarƙa a ciki an girgiza har tsatsa ta saki, an ɗauraye, an shanya ya bushe sarai, an hure bututun da ya tafi inji alhali yana kwance, kana a cusa sabuwar rariya ta zauna daram kusa da gindi ba ta lanƙwashe ba, a kuma sa sabuwar robar baki, kada a maida tsohuwa da sabulu kamar yadda wasu ke yi. In ba a sami irin ta asali a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ba, wadda bakinta ya dace da kaurin bututun ta wadatar, muddin irin wadda fetur ba ya narkarwa ce.

Kirana ga shugabannin tasha shi ne su hana lodin mutane a duk motar da ke shan mai daga galan, ga bakanikai kuma su faɗa wa maigida gaskiya ko da ya so gyaran sauri. Kai kuma mai akori-kura, ka ware yini ɗaya da ba na kasuwa ba, ka sa a sauke tankin nan a gabanka.