Kafin Ka Sayi Tsohon Tumtum

Na fara cin karo da kalmar tumtum a cikin littattafan soyayya na Kano, lokacin ina aji ɗaya. Duk marubuciyar da take so ta nuna cewa gida na masu hali ne, sai ta shimfiɗa darduma a falo, ta jera tumtum, ta kishingiɗar da Alhaji a jikin ɗaya. Da na tambayi malaminmu, sai ya ce babban matashi ne kewayayye da dukawa suke ɗinkawa da fata, a cusa shi, a zauna a kai ko a jingina. Dariya ta kama ni, domin akwai irinsa a falon gwaggota a Ibadan, da sunansa na Turanci muke kiransa, kuma duk gidan mun ɗauka kayan Maroko ne.

Haka aka gaya mata a kantin kayan ƙawata ɗaki inda ta saye shi. Mai kantin ya rantse mata cewa tsohon kaya ne na tarihi daga Maroko, ta biya kuɗi mai tsoka. Damina ɗaya ya yi a gidan, sai samansa ya fara ɓarewa kamar bawon albasa, yadi ya bayyana a ƙarƙashi. Ashe leda ce aka shafa wa baƙi domin ta yi kama da tsohuwar fata. Wannan abu shi ya sa na ɗauki alƙalami. A nawa ra'ayin, wanda bai san fata ba, bai kamata ya biya kuɗin tsufa ba. Gara ya je wurin baduku ya sayi sabon tumtum na fatar gaske, ya bar shi ya tsufa a ɗakinsa.

Mu fara da sunaye, tunda harshe muke karanta. A kantunan nan za ka ji ana cewa otoman, wato kujera mai laushi wadda ba ta da majingina ba ta da hannu. Sunan ya samo asali ne daga Daular Usmaniyya, amma mai karatu ya lura, ba ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba, ta Turkiyya nake nufi, wadda ta ƙare a shekarar 1922. Turawa sun ga yadda Turkawa suke zama ƙasa-ƙasa a kan matasai, suka kwaikwaya tun wajen ƙarshen ƙarni na 18. A ƙarni na 19 sai ga otoman a gidajen Ingila da Faransa, da ƙafafun katako, an cusa shi da gashin doki, wani ma da murfi domin ajiyar kaya. Masu cinikin kayan tarihi a can ba sa ba abu wannan suna sai ya kai shekara 100. Irin wannan otoman ba kasafai ake samunsa a kasuwanninmu ba, kuma ko an samu, gara da laimar Kudu suna jiran katakonsa. Saboda haka zan bar shi a nan in koma ga namu.

Na ce namu ko da yake ni ba Bahaushe ba ne, domin ɗan Nijeriya ne ni, kuma abin da ya fi yi mini ciwo a labarin gwaggota shi ne sai da aka ce mata Maroko sannan ta ga darajar abin. Ba na musun cewa mutanen Maroko suna da nasu aikin, majemar birnin Fas sananniya ce a duniya, kuma suna ɗinka tumtum masu kyau. Amma tarihi ya nuna cewa wani kaso na fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko daga ƙasar Hausa ta fito. Fatar jar akuyar Sakkwato ce ayari yake ɗauka ya ratsa Sahara da ita, ta isa Turai ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a shekarar 1851, ya ba da labarin yadda ake kai jemammun fatu da jajayen fatun tumaki har Tarabulus. Ke nan kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Lokacin da muka je Kano domin zama cikin masu harshen, na shiga Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. A can na zauna wurin wani dattijo baduku. Da na gaishe shi, sai ya yi murmushi ya ce, "Samari, Hausarka ta littafi ce, amma zauna." Na ce, "Baba, yaya ake gane tsohon tumtum na gaske?" Bai amsa ba, sai ya miƙo mini guntun fata ya ce in sansana. Ƙanshin bagaruwa ne, wadda majema suke jima da ita bayan sun cire gashi da toka. Ya ce leda ba ta da wannan ƙanshi, warin roba take yi. Ya juya bayan fatar, ga shi da kaushi da 'yan zaruruwan nama, alhali bayan leda yadi ne. Ya ɗiga ruwa a kai, fatar ta sha, wurin ya yi duhu. Sannan ya nuna mini launuka: ja daga karan dafi, baƙi daga kuloko, rawaya daga gangamau. Ya ce irin wannan rini yakan nuna ne da shekaru, ya ƙara zurfi, fenti kuwa tsagewa yake yi ya zube.

Maganar da ta fi zauna mini ita ce ta tsufa. Ya ce tumtum yana tsufa ne inda ake mu'amala da shi. Tsakiyar samansa takan yi santsi da sheƙi saboda zama, gefen da ake kamawa a ɗaga yakan yi duhu saboda maiƙon hannu, gindinsa kuma yana da gogar ƙasa. Idan ka ga tsufa ya game ko'ina daidai-wa-daida, har cikin lungunan ɗinki, to da man goge takalmi ko hayaƙi aka tsufar da shi cikin kwana biyu. Haka ɗinki: na hannu ba ya zuwa sak kamar na keke, za ka ga wani taku ya ɗan fi wani, musamman a wurin ado irin na dagi. In kuma an ce maka na kakan kakanni ne, sai ka juya ka tarar da zif na roba, to ka nemi bayani.

Wani zai ce ai tsohon kaya yana da albarkar tarihi wadda sabo ba shi da ita. Gaskiya ne, kuma in tumtum ɗin gado ne, ka san ɗakin da ya fito, riƙe shi da kyau. Wanda nake ja da shi shi ne tarihin da ake ƙagowa a bakin kanti. Ban da haka, tsohuwar fata da ta bushe ta tsattsage ba ta gyaruwa, ka saya ne ka ajiye ka riƙa kallo, kana hana yara hawa. Kuma kuɗin da aka ba dillali saboda tatsuniya, ko kwabo ba ya isa hannun majemi ko baduku, waɗanda leda mai arha ta riga ta rage musu kasuwa. Ranar da ɗan baduku ya ga sana'ar ba ta ciyar da gida ya kama acaɓa, kalmomi irin su kuloko sai dai mu riƙa haddace su saboda jarrabawa.

Ga mu mazauna Kudu akwai ƙarin lura. Fata ba ta shiri da laima, fumfuna takan kama ta da damina. Kada a ajiye tumtum a kan siminti tsirara ko a jikin bango mai danshi, a riƙa fito da shi ya sha iska a inuwa, domin rana mai zafi busar da shi take yi. Yawanci ba cushe ake sayar da shi ba, kai za ka cika abinka. Audugar rimi ta fi laushi, tsofaffin tufafi sun fi nauyi da tsayawa, guntayen soso kuwa wata biyu sun lotse. A duba tsayi kuma: gajere na jingina ne, in kuwa tsoho mai ciwon gwiwa zai zauna, a nemi dogo a cusa shi tam.

Ni dai ja na saya a wurin Baba, mai dagi a tsakiya, na naɗe shi cikin jakata har makaranta, na cusa shi da tsofaffin riguna. Shekararsa biyu yanzu, jan ya fara komawa kalar goro inda nake zama. Da gwaggota ta zo ziyara ta gan shi, ta shafa, ta sansana, ta tambaye ni ko daga Maroko ne. Na ce mata daga Kurmi. Ta ce in na sake zuwa in taho mata da guda biyu.