Tafkin Chadi: Layukan dogon da suka tsaya a hanya, da abin da ya rage musu

Yayin da ake ci gaba da shimfiɗa sabon layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, tsofaffin layukan da suka nufi yankin Tafkin Chadi na ƙara lalacewa, kuma ba kasafai ake jin zancensu ba.

Layuka huɗu ne suka tunkari yankin, babu wanda ya kai bakin ruwa. Na Kano ya tsaya a Nguru a 1930. Na Sudan ya isa Nyala da ke Darfur a ƙarshen shekarun 1950. Wanda ya taso daga Kuru, kusa da Jos, ya shiga Maiduguri a 1964, da rancen farko da Bankin Duniya ya bai wa Najeriya a 1958. Na Kamaru kuwa ya ƙare a Ngaundere a 1974. Chadi har yau ba ta da layin dogo.

Ba don sada maƙwabta aka gina su ba. Manufar ita ce kwashe gyaɗa, auduga, fatu da shanu zuwa tashoshin teku. Shi ya sa kowane layi ya juya wa ɗan uwansa baya. Hatta faɗin dogon ya bambanta: na Najeriya da Sudan milimita 1,067, na Kamaru mita ɗaya, sabon na Maraɗi kuma 1,435. Ko da an haɗa su gobe, taragon wannan ba zai hau na wancan ba.

Duk da haka, garuruwan da dogon ya tsaya a cikinsu sun zama mahaɗar fatake. Nguru ta ja kaya daga ƙasar Damagaram, Ngaundere kuma har yau nan ake sauke kayan Chadi da suka fito daga Duwala, a ɗora wa manyan motoci zuwa Ndjamena. Hausawan Kamaru da Chadi da dama a kan wannan hanya suke neman abinci.

Da cinikin gyaɗa ya faɗi, titunan kwalta suka ƙwace kaya, sai jiragen suka yi ta raguwa. Rikicin Boko Haram ya ƙarasa na Maiduguri, inda cibiyar ƙungiyar ta farko take a unguwar tashar jirgin, kafin a rushe ta a Yulin 2009. Nyala kuma ta faɗa hannun dakarun RSF a Oktoban 2023. Wanda ke ɗanɗana kuɗarsa shi ne mai bandar kifi, mai tattasan Diffa da mai shanu, domin komai nasu sai a mota, ga tsadar mai ga shingaye.

A watan Maris na 2021 gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, mai tsawon fiye da kilomita 1,400. A 2024 jirgi ya fara zirga-zirga tsakanin Fatakwal da Aba, wato ɗan yankin farko daga kudu. Maiduguri ce a ƙarshen layi, ita ce kuma a ƙarshen jira.

Masu goyon bayan sababbin layuka na da hujja: tsohon dogo siriri ne, jirginsa ba ya gudu. Amma gyaransa ya fi arha, domin hanyar da tashoshin suna nan, kuma shanu da hatsi ba sauri suke bukata ba, sauƙin farashi suke bukata. Nijar ma ta ga darasi a layin Yamai zuwa Dosso, wanda aka ƙaddamar a Janairun 2016 amma bai haɗu da kowane layi ba, ya zauna babu jirgi. Rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya nuna cewa dogon Maraɗi ma zai dogara ne da zaman lafiyar gwamnatocin biyu.

Abin da ya fi gaggawa shi ne kare abin da ya rage: hana sace ƙarafa, hana gini a kan hanyar dogo, da adana tsofaffin tashoshi. Idan aka bari filin ya salwanta, ranar da kuɗin gyara suka samu, sai an fara biyan diyya kafin a aza ƙarfe ko ɗaya.