Kafin a miƙa wa ɗalibi ƙofar dam ɗin Goronyo

A watan Satumba na 2010 ambaliyar Gulbin Rima ta cinye ƙauyuka da gonaki a yankin Goronyo, ta gangara har Sakkwato, ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A irin wannan lokaci akwai injiniyan da shawara ke wuyansa: ya buɗe ƙofar dam ko ya dakata, in zai buɗe ya saki ruwa nawa, wane ƙauye zai fara sanarwa. Madatsar da aka kammala a 1984, mai riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, ba wurin koyon hannu ba ce. Amma ɗalibin da zai gaji wannan kujera gobe, yawanci a allo da takarda kawai ya san dam.

Ra'ayina shi ne jami'o'inmu su mayar da atisaye na kwaikwayo wani ɓangare na karatu da jarrabawa. A kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, ɗalibi kan zauna cikin na'urar da ke kwaikwayon jirgi, injin ya mutu masa, hadari ya taso, ya faɗi ya sake tashi ba tare da an rasa rai ba. Me zai hana mai karatun noma ko injiniyancin ruwa samun irin wannan? Manhajar AquaCrop ta hukumar FAO tana nuna yadda amfanin gona zai kasance in an rage masa ruwa, HEC-RAS kuma tana nuna inda ambaliya za ta bi, kuma dukkansu kyauta ake sauke su. A ba ɗalibin kwalejin noma ta Wurno fadamar shinkafa a kwamfuta, a ce masa ruwa ya ja baya a watan Maris, shinkafa tana shirin fitar da kai, ga masu albasa da tafarnuwa suna jiran nasu rabon. Ya raba ruwan, ya ga wanda ya ƙone, malami ya tambaye shi dalili, ya sake. Kuskuren da zai jawo wa manomi asarar shekara guda, a nan bai wuce na awa ɗaya ba.

Za a ce ai akwai shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, da aka kafa tun 1973. Gaskiya ne, kuma yana da amfani, sai dai babu shugaban ma'aikata mai hankali da zai bar ɗan koyo ya taɓa ƙofar dam. Kallo yake yi, ya cika littafi, a sa masa hannu. Za a kuma ce kwamfuta ba ta san taɓo ba, ba ta san yadda ake shawo kan manomin Rabah da ya shekara arba'in a fadamarsa ba. Wannan ma haka ne, shi ya sa atisayen zai zo kafin fita gona, domin ɗalibi ya isa can da tambayoyi masu ma'ana. Maganar ƙarancin wutar lantarki kuwa, 'yan kwamfutoci da sola sun wadatar.

Abin da ya fi wuya shi ne bayanai, domin manhajar da aka cika da alƙaluman wata ƙasa ba za ta koyar da halin Rima ba. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da dam ɗin Goronyo. Muna roƙonta ta buɗe wa malamai da ɗalibai kundin ma'aunin ruwanta, musamman na damunar 2010.