Ƙarami ne, zai manta? Ni ban yarda ba

'Yan'uwa makiyaya, akwai maganar da na sha ji a bakin rijiya da kasuwannin bisashe tun daga Dakoro har Tanut: idan ɗan tunkiya ya yi masassara ko cibiyarsa ta kumbura, sai a ce a bar shi, ƙarami ne, zai miƙe ya manta. Miƙewa kam yakan miƙe. Mantawar ce nake jayayya da ita.

A shekarar 2014 masana a Jami'ar Bristol ta Ingila sun fitar da sakamakon wani gwaji a kan tumaki. Sun ɗauki 'ya'yan tumaki mata 'yan kwanaki da haihuwa. Wasu aka yi musu allurar wani sinadari na jikin ƙwayoyin cuta, wanda ke sa jiki ya tashi faɗa kamar cuta ta shiga, wasu aka yanke musu wutsiya, wasu aka ƙyale su. Duk suka girma. Da suka zo haihuwar fari, waɗanda suka sha wuya suna ƙanana sun fi nuna alamun jin zafin naƙuda. Kafin nan an ga makamancin haka a ɓeraye a Kanada.

Dalilin ba boyayye ba ne. A kwanakin farko jijiyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa ba su gama ginuwa ba, kuma garkuwar jiki tana da hannu a ginin. Idan kumburi da masassara suka faɗo a lokacin, sai ginin ya kauce, kamar katangar da ruwa ya daka tun tana ɗanya.

Tumakin Ingila ba balami ba ne, ba kuma jar akuyar Maraɗi ba, na sani. Amma wanda ya taɓa kwana a kan tunkiyar da naƙuda ta galabaitar, ta tashi ta ƙi ɗanta, ya san abin da zafi ke jawowa garke. Ni kaina na taɓa sakaci da cibiyar wani maraƙi a damina, har ta yi ruwa. Kuɗin magani ya ninka na kwalbar Bétadine da na ƙi saya.

Saboda haka nake ganin makon farko ne ya kamata ƙungiyoyinmu su zuba ƙarfi. Daƙashi ya shiga cikin jariri cikin awa 6 na farko, domin bayan awa 24 hanjinsa ba ya iya ɗaukar kariyar da ke ciki. A daina tatse shi a zubar. A tsoma cibiya cikin magani, a kwantar da mai jego wuri busasshe, ba kan tsohon taki ba. Lalas da tsaga kunne su jira in ba dole ba.

Kada wani ya ji wannan ya gudu da garkensa ranar allura. Rigakafin annobar awaki da tumaki da na ciwon huhun shanu ba su ne ke kwantar da jariri ba, cutar ce. Uwar da aka yi wa allura ma daƙashinta ya fi kare ɗanta. Wanda ke shakkar watannin da ya dace a fara yi wa ƙanana, ya tambayi ma'aikacin kiwo kafin ayarin masu allura ya iso.