Kalmar "Mahaukaciya" A Gaban Alƙali

Akwai wata ƙara da ke yawan zuwa gaban alƙalai, wadda muke so masu karatu, tun ba akawuna da malaman makaranta ba, su dube ta da idon basira. Mutum ya saki matarsa, sa'an nan ya je kotu ya ce a ba shi 'ya'yansa, wai uwarsu tana da taɓin hankali. Sau da yawa da an ambaci wannan kalma sai kowa ya kama bakinsa, shi ke nan an raba uwa da ɗanta.

Mu a ganinmu a nan ne ya kamata bincike ya soma. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Arewa ke bi, uwa ce ke da hakkin riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta. Gaskiya ne hankali yana cikin sharuɗɗan mai riƙo. Amma ko uwa ta gaza, ba uba ne ke biye da ita ba. Kakar yaro ta wajen uwa ita ce a gaba, sa'an nan 'yar'uwar uwar. Uban yana can baya, ci da sutura kuwa suna wuyansa duk inda yaron yake. Karɓe yaro da zarar an yaye shi al'ada ce kurum.

Abin da aka fi mantawa shi ne, malaman fiƙihu sun ce riƙon da ya kuɓuce saboda uzuri irin na ciwo yakan komo in ciwon ya wuce. To, ciwon ƙwaƙwalwa iri iri ne. Akwai ruɗewar da kan sami mace cikin jego, wadda magani kan kawar. Akwai ciwon da kan tashi ya lafa, mai shi in yana shan magani ba ka rarrabe shi da kowa. Farfaɗiya ma, da wasu ke lissafawa cikin hauka, ba hauka ba ce. Tun 1954 Dokta Lambo ya soma jinyar masu ciwon nan a ƙauyukan Aro, kusa da Abekuta, danginsu na tare da su. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 ma an maye gurbinta da sabuwa a 2023.

Ba mu ce a bar jinjiri a hannun wadda ba ta san inda kanta yake ba. Abin da muke roƙo shi ne kada a yanke hukunci da bakin miji da shaidunsa kaɗai. Ga asibitin Dawanau a Kano, ga na Barnawa a Kaduna, ga na Kware a Sakkwato, sai a nemi takardar likita. In an ba kaka riƙo, magatakarda ya rubuta cewa na wani lokaci ne, ya sa ranakun da uwa za ta ga ɗanta, da ranar da za a sake zama a duba lafiyarta.