Biyayya Kaɗai Ba Ta Tsare Gari

Akwai wata magana da ta ke yawo a bakin manya duk inda aka yi fitina aka gama, wai maganin samari shi ne a koya musu biyayya. Su kan ce da yara sun ji maganar na gaba da su da ba a zub da jini ba, saboda haka a tara su, a ɗinka musu riga iri ɗaya, a koya musu fareti da waƙa, in an ce zauna su zauna, in an ce tashi su tashi, shi ke nan gari ya kwanta. Ni kuwa na ce wannan magana kuskure ce, kuskure mai haɗari, kuma ba da ka na faɗa ba. Ƙasar Ruwanda ta ishe mu shaida.

Ran 6 ga watan Afrilu 1994 aka harbo jirgin saman shugaban ƙasar, Juvénal Habyarimana, yana shirin sauka a Kigali, ya mutu. Kafin gari ya waye an kafa shingaye a hanyoyi, aka shiga farautar kabilar Tutsi, da duk Bahutun da aka san ba ya goyon bayan kisan. Cikin kwana kamar 100 aka hallaka mutum wajen 800,000 bisa ga lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, Gwamnatin Ruwanda kuwa ta ce sun haura miliyan ɗaya. Yawancinsu da adda da kulki aka kashe su, a gida, da makaranta, da cikin coci inda suka gudu neman tsari. Wannan shi ne kisan ƙare-dangi, Allah Ya raba mu da ganin irinsa.

To, ya kai mai karatu, wa ya riƙe addunan nan? Gaba-gaba dai samari ne na ƙungiyar Interahamwe, watau reshen samari na jam'iyyar MRND mai mulki. Kada ka zaci taron 'yan iska ne marasa jin magana. Suna da shugabanni, suna da riguna iri ɗaya masu launi, suna da waƙoƙinsu, waɗansunsu har soja sun koya musu riƙon makami. Umurni kuwa ta hanyar mulki ya riƙa saukowa, daga gwamnan lardi zuwa shugaban gunduma, daga nan zuwa masu riƙe da ƙauyuka da unguwanni, kamar yadda magana ta ke bi ta hakimi da dagaci da mai unguwa a wurinmu. Tun 1974 an saba wa talakawa da fita aikin gayya na tilas wanda a ke kira umuganda, sai ga shi da lokacin ya zo kisan ma "aiki" aka riƙa ce da shi, a tashi mutane da safe su fita, da yamma su komo. A lardin Butare gwamna Jean-Baptiste Habyalimana ya hana abin ya kama har wajen kwana 10, sai aka tuɓe shi, shugaban riƙon ƙwarya ya zo garin ran 19 ga Afrilu ya zuga jama'a, sa'an nan aka fara. Mu ma'aikatan ofis ya kamata wannan ya tsaya mana a rai, gama katin shaidar da a ke dubawa a shinge, wanda Turawan Beljiyam suka fito da shi tun wajen 1933 da sunan kabilar mutum a rubuce, alƙalamin wani malamin ofis ne ya cika shi, shi ma umurni ya bi.

Ashe ke nan abin da Ruwanda ta rasa a shekaran nan ba masu biyayya ba ne. Su kam sun yi yawa. Wanda aka rasa shi ne saurayin da za a miƙa masa adda ya ce, don me?

Na san za a ce mini abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinsa. Gaskiya ne a kan noma da aure da zaman duniya. Amma fa a dubi waɗanda kotun duniya ta Arusha ta kama da laifi. Akwai Kanar Théoneste Bagosora, dattijon soja mai shekara 50 da 'yan kai. Akwai Ferdinand Nahimana, shaihin malamin tarihi, yana cikin waɗanda suka kafa gidan rediyon RTLM mai kiran Tutsi kyankyasai. Akwai Jean Kambanda, Firayim Minista, wanda ya amsa laifinsa da bakinsa a 1998. Akwai kuma Pauline Nyiramasuhuko, ministar harkokin iyali da mata, wadda aka yanke wa hukunci a 2011 tare da ɗanta na cikinta, ɗalibi, mai jagorancin 'yan Interahamwe a Butare. Wannan ɗa bai saɓa wa mahaifiyarsa ba ko kaɗan. Manya suka hango, suka shirya, suka sayo adduna, yara suka bi. Wanda duk ya ce maganin wannan shi ne a ƙara wa yara biyayya, ya ɗebo makamashi ne zai kashe gobara.

Sai a tambaya, me ya sa samarin suka yi araha haka? Ruwanda ƙaramar ƙasa ce mai duwatsu, ga jama'a jingim, gonar uba in an raba wa 'ya'ya kowa ba ya samun abin da zai ci da shi. A 1989 kuɗin gahawa ya faɗi a kasuwar duniya, ita ce kuwa abin da manomi ya ke sayarwa. A watan Oktoba 1990 yaƙi ya tashi da mayaƙan RPF suka shigo daga Uganda. A al'adarsu kuma saurayi ba ya aure sai ya gina ɗakinsa. Saurayin da ba gona, ba aiki, ba ɗaki, ba mata, ba kuma wanda ya taɓa tambayarsa shawara a kan kome, ran nan sai ga jam'iyya ta ba shi riga da giya da 'yan kuɗi, ta ce masa shi ne mai tsaron ƙasa. Ina zai ƙi? Mu ma nan 'yan bangar siyasa ba baƙinmu ba ne, mun san da abin da a ke sayensu.

Yanzu kuma ga wani labarin samari daga ƙasar nan dai. Daren 18 ga Maris 1997 ragowar masu kisan suka faɗa makarantar sakandare ta kwana a Nyange, yammacin ƙasar. Suka shiga aji da bindigogi suka ce 'yan Hutu su ware gefe guda, 'yan Tutsi gefe guda. Yaran suka ƙi, suka ce su duka 'yan Ruwanda ne. Aka buɗe musu wuta, shida suka mutu a daren, da yawa suka yi rauni. Yau suna cikin jarumawan da ƙasar ta ke tunawa ran 1 ga Fabrairu kowace shekara. Ka lura da abin da ya ba su wannan daraja: babba mai bindiga ya ba da umurni, yara suka ƙi bi.

Ba na hana wa mahukuntan Ruwanda yabon da suka cancanta. Sun cire sunan kabila daga katin shaida. Tsarin mulkin 2003 ya ware wa samari kujera 2 cikin 80 na majalisar wakilai. Kotunan gacaca, waɗanda jama'ar ƙauye suka zaɓi alƙalansu, sun saurari shari'a kusan miliyan 2 kafin a rufe su a 2012, yara suna zaune suna jin abin da ya faru a unguwarsu daga bakin waɗanda suka yi shi. Samari da kansu ma sun yi abin a zo a gani. A 1996 ɗaliban jami'ar Butare waɗanda suka tsira suka kafa ƙungiyar AERG, marayu suka rarraba kansu gida gida, su zaɓi ɗaya ya zama uba, ɗaya ta zama uwa, su ji ciwon juna, su sasanta rigimar juna. Ba hukuma ta umurce su ba.

Amma abin da na ke tsoro yana nan. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen ƙasar sun kai miliyan 13 da 'yan kai, wajen kashi 65 cikin 100 kuwa ba su cika shekara 30 ba, watau ba su ga 1994 da idonsu ba, abin da aka faɗa musu shi suka sani. Yaya a ke faɗa musu? An yi fiye da shekara 10 ba a koyar da tarihin ƙasar a makarantu. Aka yi sansanonin ingando, daga 2007 kuma aka raya tsarin itorero, inda a ke tara masu gama sakandare a koya musu waƙa da fareti da tarihi ta baki ɗaya. A 2013 aka fito da shirin Ndi Umunyarwanda, har aka ga samari suna tashi cikin taro suna neman gafarar laifin da iyayensu suka yi. Haba jama'a! Wace shari'a ce ta ke kama ɗa da laifin uba? In ka ce wa yaro babu sauran kabila, sa'an nan ka sa shi ya tuba saboda jinin da ya gada, ai ka mai da masa da katin nan da ka yaga.

Dubi kuma Kizito Mihigo, mawaƙin coci, wanda aka kashe ubansa a 1994 yana yaro, ya girma ya sa kansa aikin sulhu, yana zaga makarantu da gidajen kurkuku. A 2014 ya yi waƙa ya nemi a tuna har da waɗanda suka mutu ta hanyar ramuwar gayya. Aka hana waƙar, aka kama shi, aka ɗaure shi shekara 10 a kan laifin ƙulla wa Gwamnati makirci, aka yi masa afuwa a 2018. A watan Fabrairu 2020 aka sake kama shi, ya mutu a hannun 'yan sanda. Suka ce rataye kansa ya yi, ƙungiyoyin kare hakkin ɗan Adam suka ce ba su yarda ba. Kowace ce gaskiya, saurayin da ya ga wannan ya koyi darasi guda, watau ya kama bakinsa. A zaɓen 2024 Shugaba Paul Kagame ya sami fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙuri'u. Ko a gida ɗaya ba a samun bakin mutane ya zo ɗaya haka, sai in waɗansu sun haɗiye tasu maganar.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, ba kuwa ta banza ba ce. Su kan ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da baki aka fara kisan 1994, saboda haka tilas a tsare baki. Na yarda a hukunta mai kiran mutane kyankyasai, da mai musun cewa an yi wa Tutsi kisan ƙare-dangi. Amma mai zuga daban, mai tambaya daban. Rediyon nan ya ci nasara ne domin ya sami kunnuwan da aka rena a kan duk abin da ya fito daga sama gaskiya ne. In aka sake renon irin kunnuwan nan, ko da alheri a ke zuba musu yau, mulki na Allah ne, ba wanda ya san mai riƙe da rediyon gobe.

Saboda haka ga abin da na ke kira a yi, a Ruwanda da duk ƙasar da ta fito daga irin wannan masifa. A koyar da tarihin kisan a makaranta da shaidu da takardu, a bar ɗalibi ya yi wa malami gardama ba tare da tsoron a rubuta sunansa ba. Kujerar da aka ba samari a majalisa ta zama mai nauyi, a buɗe musu littafin kuɗin gunduma su ga abin da ya shigo da inda ya tafi, gama wanda aka gayyato don tafi kaɗai ɗan kallo ne. A bar su su kafa ƙungiyoyinsu, su zaɓi shugabanninsu, ko da hukuma ba ta son fuskar wanda suka zaɓa. A nema musu sana'a da wurin gina ɗaki, don kada wani ya sake sayensu da kwalbar giya. Kuma kada a ɗora wa ɗa kayan ubansa.

Ba rashin kunya na ke wa samari huɗuba ba. Ladabi ado ne, yaro ya durƙusa ya gai da na gaba da shi, ya saurara in ana magana. Amma tun muna makarantar allo malamanmu suka karantar da mu cewa biyayya tana da iyaka, inda aka umurce ka da saɓon Allah nan ta tsaya. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, haka ne, sai dai a lura da wajen da a ke tanƙwara shi. Allah Ya ji ƙan waɗanda aka zalunta, Ya ba manya haƙurin jin tambayar yara, Ya ba yara zuciyar yinta. Amin.